Ku Daina Ɗura wa Cikinku Abin da Ba Ku Sani Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ku ƙannena masu cikin fari.

Shekaranjiya a asibiti na kwana da wata yarinya 'yar unguwarmu a nan Agege, har yanzu raina bai huce ba. Cikinta ya shiga wata tara, ƙawarta ta haɗa ta da wata mai sayar da "haɗin sauƙin naƙuda" a WhatsApp. Aka aiko mata da shi a gorar ruwa, baƙi ƙirin, ba suna, ba takarda. Ta yi ta sha safe da yamma har mara ta ɗaure tamau, ciwo ya ƙi sakinta. Nas ta tambaye ta, ta sake tambaya, kin sha wani abu? Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Sai da faya ta fashe, ruwan ya fito kore-kore, alamar jaririn ya yi kashi a ciki don wahala, sannan ƙanwar mijin ta zaro gorar daga jaka. Aka wuce da ita tiyata. Uwa da ɗa suna nan da rai, alhamdu lillahi, amma tiyatar da take gudu ita aka yi mata. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Haba 'yan uwana! Shan ma da sauƙi a kan ɓoyewar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin sha abu, ranki da na ɗanki suna hannun Allah suna hannun ma'aikaciya, amma tsoron faɗanta ya fi miki tsoron mutuwa? To ta yi faɗan mana. Faɗa bai taɓa fasa mahaifa ba.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. Naƙuda ta gaskiya kamawa take ta saki, ta kama ta saki. A wannan ɗan sakin ne jini ke komawa mabiyiya, jariri ya sami iskar da yake rayuwa da ita. Duk abin da zai sa mahaifa ta ƙulle ba hutu, shaƙe yaron yake yi. In kuwa an taɓa yi miki aiki a haihuwar baya, wurin ɗinkin na iya yagewa. Ruwan naƙuda da ake ɗaurawa a asibiti ma ƙarfi gare shi, shi ya sa ɗigo-ɗigo ake sa shi, ana sauraron bugun zuciyar jariri, in abu ya so ɓaci a rufe. Abin da kika haɗiye fa, wa zai rufe shi?

Kowa da irin tata. Wata maganin zaƙi tun daga wata bakwai, wai a wanke hanya. Wata man zurma, ta yi ta gudawa da amai har ta galabaita kafin haihuwar ta zo. Wata shayin ganyen rasberi da ta gani a TikTok, wai Turawa na sha, alhali har yau bincike bai tabbatar yana rage tsawon naƙuda ba. Wata kuma ta haɗa na gida da agbo, wato jiƙon Yarabawa, na maƙwabciyarta, ta ƙara da kaffu Maryam da Hajiya ta kawo tsaraba, duk a ciki ɗaya. Ga kanwa da ake zabgawa a kunu, wadda gishiri ne fal a cikinta, ga ƙafa ta kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi. Waɗannan alamun hawan jinin ciki ne da ke kai wa ga jijjiga, amma sai ki ji an ce zaƙi ne, a ƙaro jiƙo. Kuma in haɗin ya tayar da naƙuda kafin mako 37, bakwaini kika jawo wa kanki. Sauri ya haifi nawa.

Kar wata ta ce min ai nata mai lambar NAFDAC ne. Ki karanta jikin kwalbar da kyau, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Lambar ba shaidar an gwada shi a kan mai ciki ba ce.

Ku kuma maza, ina kuke? Mutum ya wuni a kasuwar Mile 12, ya dawo ya zauna teburin mai shayi yana musun ƙwallo, bai san ranar awon matarsa ba, bai san me ke ƙarƙashin gadonta ba. Kuɗin data akwai, kuɗin hoton ciki babu. Kuma kun san Ikko: in abu ya rikice da magariba, cunkoson hanya kaɗai ya isa ya cinye ran mace kafin a isa babban asibitin Ikeja ko na Idi-Araba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas. Mu kuwa sai a je sau ɗaya don a karɓi kati. Ku riƙa zuwa awo, ku faɗi gaskiyar abin da kuke sha, ko dabino ne.

Ni ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma a da ungozomar unguwa ita ke zuwa daji da kanta, ta san itacen da sunansa, ta san uwarki, ta san kakarki, in ta ga abin ya fi ƙarfinta ta faɗa. Yarinya ba ta kai komai baki sai babba ta gani. Yanzu an baro iyaye a Kano da Sakkwato, an zo ɗaki ɗaya a bariki, waya ta zama uwa ta zama ungozoma. Wadda ke sayar miki ko fuskarta ba ki taɓa gani ba, da safe tana tallan kayan mata, da rana maganin ƙiba, da dare na naƙuda, in an kira ta daga ɗakin haihuwa a ce me kika zuba a ciki, sai ta kashe waya.