Sakin matar soja ba aikin bariki ba ne

Abin nan ya ishe ni ji a unguwar Nima da ke Accra, a Ghana, wai matar soja ba ta da inda za ta kai ƙarar aure sai wajen oganshi. Na gane dalili, tunda sojoji suna da kotunsu. Amma kotun soja ta laifin aiki ce, ba ta raba aure. Dokar shari'ar aure ta 1971 kotun farar hula ta ba wa shari'ar saki, kuɗin ciyar da yara kuma yana ƙarƙashin dokar yara ta 1998, kaki bai cire kowa ba. Wahalar dai, a ce mijin an tura shi Lebanon, kafin sammaci ya same shi sai a yi ta ɗage zama, ga ɗakin barikin Burma Camp na gwamnati ne ba ya shiga rabon dukiya.