Tukunyar tuwo a bakin tasha

Abu ɗaya ke haɗa bakin liman da fasto a Jos ba tare da an kira taron sulhu ba: maganar luwaɗi da maɗigo. Mutanen da suka kasa kwana a unguwa ɗaya tun rikicin 2001, a nan kam bakinsu ɗaya.

Can waje gardamar ta raba gidaje. Cocin Angilika ta Najeriya ta raba gari da takwararta ta Amurka bayan an naɗa Gene Robinson bishop a 2003, alhali yana zaune da namiji. Da Fafaroma Francis ya yarda a sa wa masu irin wannan zama albarka a Disambar 2023, bishop-bishop na Afirka suka ce ban da nan. Yahudawa ma sun kasu, masu sassauci suna naɗa masu luwaɗi da maɗigo malaman addini, masu riƙon gargajiya sun ƙi. Mu Musulmi kuwa mazhabobin nan huɗu duk sun haramta aikin. Ban ga ta inda za a lanƙwasa ƙissar Annabi Luɗu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne.

Akwai wani ɗan daudu mai tuwo a bakin wata tasha. Na fi shekara goma ina cin miyar kukarsa, da azumi kuma yakan ware wa almajirai kunu da ƙosai. Rannan samari suka far masa, suka kifar da tukunya, har da mai kabbara. Ba wanda ya gan shi da kowa. Rangwaɗarsa da muryarsa ne shaidunsu, kamar ba su san daudanci daban, luwaɗi daban ba. Cikin masu dukan har da wanda na sani yana cin bashi a wurinsa, ko kunya.

Wane addini ne wannan? Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nuri ta yanka bulala tamanin ga mai ƙazafi da bai kawo shaidu huɗu ba. Ko dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, a hannun kotu ta damƙa hukunci, ba ta miƙa wa matasan unguwa gora ba. Haramcin duk mun haddace, amma wannan ɓangaren ba kasafai nake jinsa a mumbari ba, kuma maƙwabcina Kirista ya ce a cocinsu ma haka ne.

Na tsaya na taya shi tsince kwanuka. Yana share jini da haɓar zani ya ce, "Malam, tuwon gobe sai haƙuri, tukunyar ta fashe."