Ta gefe ruwa yake shiga

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da allunan robar nan da ake manna wa bangon banɗaki da kantar kicin. Mai sayarwa zai rantse maka cewa ruwa ba ya yi musu komai. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta kawai.

Wanda aka fi sani, Formica, tun 1913 aka kafa kamfaninsa a Amurka, kuma da farko kayan lantarki ake yi da shi. Asalinsa takarda ce. Ana jera takardu masu ƙwari da aka jiƙa da ruwan roba, a ɗora mai ado a sama, a danne su da zafi da matsi mai tsanani har su zama abu guda. Fuskar nan ko kwana ruwa ya yi a kanta, ba abin da zai same ta. Sai dai kaurinta galibi wajen milimita 1 ne, kuma a kan me ake manna ta? A kan allon garin katako. Shi kuwa da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake.

Na gani da idona a kicin ɗina. Inda aka yanke ramin kwanon wanke-wanke, ba a shafa wa bakin yankan komai ba. Ba a daɗe ba gefen ya tashi, robar ta ɗago, ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Raina ya ɓaci matuƙa, domin silikon kaɗan, wato danƙon da ake toshe kafa da shi don kada ruwa ya shiga, da ya hana wannan asarar.

Har yanzu ina son allunan nan. Ba su da layukan siminti irin na tayil da ke tara dauɗa, tsumma da sabulu sun isa goge su. Amma wurin wanka, inda ruwa ke dukan bango kullum, a nemi mai kaurin da babu katako a cikinsa, irin wanda ake raba ɗakunan bahaya da shi, ko kuma allon PVC, wato na roba irin ta bututun ruwa. Shi PVC ba ya jure zafi, kada a kai shi kusa da murhu. Kowace mahaɗa, kowane ramin famfo, da inda allo ya sadu da ƙasa, a tsaya a kan ma'aikaci sai ya toshe su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu rufe bango mai danshi da allo don ya ɓuya. Don Allah a daina. Bututun da ke yoyo a ciki zai ci gaba da yoyo, allon ya hana bangon bushewa, fumfuna ta yaɗu a baya, yara suna shaƙa ba a sani ba. A fara gano inda ruwan yake fitowa a gyara, a bar bangon ya bushe sarai, sannan a kira mai manna allo.