Sadaka ce ko baje kolin gwala-gwalai?

Hotunan taron matan Lion of Judah, wato Zakin Yahuza, wani shirin tara gudummawa na matan Yahudawa, da aka yi a birnin Atlanta na Amurka a Janairun 2025 har yau ba su daina yi mini yawo a ka ba. Zaure ya cika maƙil da mata Yahudawa, kowacce da ɗan zakin zinare maƙale a ƙirji. Zakin nan rasit ne. Mace ba ta samunsa sai tana zuba aƙalla dala 5,000 duk shekara a asusun al'ummar Yahudawan garinsu. In ta kai 10,000 sai a ɗora masa jan yakutu, 18,000 shuɗi, 25,000 zumurrudu. Kafin a gama gaisawa kowacce ta san nauyin jakar 'yar'uwarta.

Ban raina mafarinsa ba. Norma Kipnis Wilson da Toby Friedland ne suka ɓullo da shi a Miami a 1972, da mata 16, domin mace ta bayar da sunanta, ta daina ɓuya a ƙarƙashin kyautar maigida. Wannan ya yi. Matakalar duwatsun da aka jera daga baya ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Masu kare abin za su ce gasa ce ke sa hannu ya saki, kuma kuɗin na isa ga tsofaffi da marasa galihu. To, ai caca ma tana tara kuɗi. Su kuma namu masu cewa "Yahudawa dama kuɗi gare su", ba da su nake ba, wannan lalacin tunani ne.

Da mizanin Yahudawan kansu nake auna su. Kalmarsu ta tsedaka da sadakarmu tushensu ɗaya. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204, ya kasa bayarwa hawa takwas. Na ƙololuwa shi ne ka ba mutum rance ko sana'a har ya daina miƙa hannu. Mai bi masa shi ne kyautar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san shi ba. A wane hawa za a ajiye sadakar da aka rataya a gaban riga, ana ɗaukarta hoto?

Kuma ba da zumurrudu matan nan suka yi suna ba. Kakanninsu na da ɗan asusun gwangwani a gida, suna kiransa pushke. Ranar Juma'a da yamma, kafin uwar gida ta kunna kyandir na shigar Asabar, ranar hutunsu ta addini, sai ta jefa 'yan sulalla a ciki, ba mai gani sai 'ya'yanta. Henrietta Szold ta kafa ƙungiyar mata Yahudawa ta Hadassah a New York a 1912, shekara na zagayowa suka tura ma'aikatan jinya biyu Birnin Ƙudus. Biyu kacal. Yau ƙungiyar na da manyan asibitoci biyu a can, inda Bayahude da Balarabe ke kwance ɗaki ɗaya.

Malamar makarantar da ke ba da dala 180 daga albashinta, ina kujerarta a liyafar? A ciccire duwatsun, a bar lamba iri ɗaya ga duk wadda ta bayar gwargwadon ƙarfinta. Mai son sa yakutu, kantin gwal na nan a buɗe.