Rasha ba ta yi wauta ba da ta sayar da Alaska

Tun ganawar da Trump da Putin suka yi a birnin Anchorage na jihar Alaska ranar 15 ga Agusta 2025, tsohuwar magana ta sake tashi: wai yaya aka yi daula kamar Rasha ta sakar wa Amurka ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi a kan dala miliyan 7.2? Wanda ya dubi zinarin Nome da man Prudhoe Bay da aka gano a 1968 zai ce an ci Rasha da wayo. A ganina wannan ihu ne bayan hari. Abin da Sarki Alekzanda na Biyu ya sayar a 1867 ƙasa ce da ba ya iya ciyarwa, ba ya iya tsarewa, kuma ya san ko bai sayar ba za ta fita hannunsa.

A fara da yawan jama'a. Daga 1741 da Vitus Bering, jagoran jiragen binciken Rasha, ya isa gaɓar yankin zuwa ranar da aka sauke tuta, Rashawan da ke zaune a Alaska ba su taɓa kai dubu ɗaya a lokaci guda ba. Suna maƙale ne a bakin teku, a tsibirin Kodiak da garin da suka kira Novo-Arkhangelsk, wato Sitka ta yanzu. A Sitkar ma bayan shingen katako suke kwana, bakin igwa na kallon unguwar ƙabilar Tlingit, waɗanda suka taɓa ƙone sansaninsu a 1802. Tsakiyar ƙasar kuwa a taswira kawai ta Rasha ce.

Ba ma gwamnati ke riƙe da wurin kai-tsaye ba. Kamfani ne, Kamfanin Rasha da Amurka, wanda Sarki Paul ya ba izini a 1799, kuma arzikinsa a kan dabba ɗaya ya rataya: karen ruwan teku, mai gashi mai laushi da attajiran Sin ke saye da tsada. 'Yan ƙabilar Aleut ake tilasta wa farautarsa cikin ƙananan kwale-kwale na fata. A kwashe fatun a ƙetara teku zuwa Okhotsk, a bi ta Saibiriya da dawakai har kasuwar Kyakhta a kan iyakar Sin, a yi musayarsu da ganyen shayi. Ciniki ne mai riba muddin dabbar na nan. To an kashe ta fiye da yadda take haihuwa, riba ta ja baya, har kamfanin ya koma saran ƙanƙara yana kai wa San Francisco a shekarun 1850.

Abinci ya fi wannan ciwo. Alkama ba ta yi a Sitka. Jirgin da ya taso daga tashar Kronstadt a yammacin Rasha sai ya zagaya ƙarshen Kudancin Amurka ko na Afirka, watanni yana kan ruwa, layin dogon Saibiriya kuwa sai 1891 aka fara shi. An kafa gandu a Fort Ross ta Kalifoniya a 1812 don a noma abin da za a ci, bai biya bukata ba, aka sayar wa John Sutter a 1841. Daga 1839 ma kamfanin Birtaniya na Hudson's Bay ke kawo musu gari da nama, shi kuma aka ba shi hayar wani yanki na gaɓar kudu. Wato abokin hamayyarka ne ke riƙe da tukunyarka.

Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 shi ya tona asirin. Jiragen Birtaniya da Faransa sun kai hari Petropavlovsk a Kamchatka a 1854. Alaska ta tsira ne kawai saboda kamfanonin nan biyu sun yi yarjejeniyar kada yaƙi ya shafi harkarsu, gwamnatocinsu kuma suka amince. Ba wanda zai gina tsaron ƙasa a kan alfarmar maƙiyi. Shi ya sa tun 1857 ƙanen sarki, Konstantin, wanda ke kula da rundunar ruwa, ya rubuta wa ministan harkokin waje Gorchakov cewa a sayar. Gwamnan gabashin Saibiriya, Muravyov, ya riga shi kawo wannan tunani a 1853, idonsa na kan kogin Amur. Yarjejeniyar Aigun ta 1858 da ta Peking ta 1860 da aka ƙulla da Sin suka ba Rasha wannan yanki, aka kafa Vladivostok. Ga ƙasa da soja zai je a ƙafa, ga wata bayan teku. Zaɓin ba shi da wuya.

Zinarin da ake yi wa Rasha gori da shi, shi ne ma ya ƙara mata tsoro. Injiniyan ma'adinai Doroshin ya ga alamarsa a Kenai tun wajen 1850. Sun kuma ga yadda Texas da Kalifoniya suka suɓuce wa Meziko, sun ga dubban masu haƙa sun kwarara kogin Fraser da ke yammacin Kanada ta yanzu a 1858 har Birtaniya ta yi gaggawar kafa mulkin British Columbia don kada wurin ya tafi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da labarin zinari ya fasu, Rashawa 'yan ɗaruruwa ba za su tare kowa ba.

Batun kuɗi fa? Baitulmali na cikin matsi, gaskiya ne: ɗawainiyar yaƙi, 'yanta bayin gona a 1861, tawayen Foland a 1863, ga ginin layin dogo. Amma kuɗin Alaska, kimanin rubul miliyan 11, bai kai kashi 3 cikin 100 na kasafin shekara ɗaya ba. Bai cike wani rami ba. Mafi yawansa kayan jirgin ƙasa aka saya da shi a waje. Wanda aka sayar wa ya fi farashin muhimmanci. Amurka a lokacin ƙawa ce, jiragen yaƙin Rasha sun yi zango a New York da San Francisco a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasarta, kuma Alaska a hannunta na nufin British Columbia ta shiga tsaka-mai-wuya.

Cinikin kansa bai ɗauki lokaci ba. A Disamban 1866 sarki ya amince, aka gaya wa jakada Eduard de Stoeckl kada ya karɓi ƙasa da dala miliyan 5. Ya tarar da William Seward, sakataren harkokin wajen Amurka, ya fi shi zumuɗi. Aka tsaya a miliyan 7, aka ƙara dubu 200 don ƙasar ta zo babu wani haƙƙin kamfani a kanta. Da asubahin 30 ga Maris 1867 suka sa hannu, majalisar dattawa ta amince ranar 9 ga Afrilu da ƙuri'a 37 da 2. Majalisar wakilai, mai riƙe da lalita, ta ja ƙafa har Yulin 1868, wasu na cewa cinikin biri a sama ne. Masu cewa hayar shekara 99 aka bayar su karanta takardar: sallamawa ce, babu wa'adi.

An miƙa ƙasar a Sitka ranar 18 ga Oktoba 1867. Da yake an sauya kalanda da layin kwanan wata lokaci guda, mutanen garin sun kwanta Juma'a sun tashi Juma'a.

Inda nake ganin laifi a cinikin shi ne Rasha ta sayar da gonar da ba tata ba. Dubun-dubatar Tlingit, Aleut, Inupiat, Yupik da Athabaskan ba a tambaye su ba, sashe na uku na yarjejeniyar ma ya kira su ƙabilu marasa wayewa, ya bar makomarsu ga duk dokar da Amurka ta ga damar yi. Shugabannin Tlingit sun yi ƙorafi tun a lokacin, aka share su. Sai da aka ga mai, ana bukatar hanyar da bututu zai bi, sannan Washinton ta zauna kan batun. Dokar 1971 ta bar wa 'yan asalin ƙasar eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5, a kan su janye da'awarsu ga sauran.