"Hosanna" roƙo ne kafin ya zama kirari

Duk Lahadin da ke zuwa kafin Ista majami'u sukan cika da ganyen dabino. Yara na kaɗa shi, zumuntar mata na buga tulu, ana rera "Hosanna ga Ɗan Dawuda" har titi ya ɗauka. Amma tari wanda ka ga dama a bakin ƙofa ka tambaye shi abin da kalmar take nufi, da wuya bai ce maka yabo ba ne, ƙanwar Halleluya. A ganina wannan amsa ta bar rabin maganar a baya, kuma rabin da ya fi nauyi.

Kalmar ta fito ne daga Ibrananci, "hoshi'a na", wato "ka yi ceto, muna roƙonka". Tana cikin Zabura 118:25. Wanda yake son ya ji zafinta ya buɗe 2 Sarakuna 6:26. An kewaye Samariya da yaƙi, yunwa ta kai mata ga cin 'ya'yansu, sarki na wucewa a kan garu, wata mace ta ɗaga murya ta kai masa kuka. Da "hoshi'a" ta fara. Kalma ce ta wanda ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi gaban mai iko. Daga tushenta kuma aka sami sunayen Ishaya da Joshuwa da shi kansa Yesu.

A Idin Bukkoki na Yahudawa firistoci sukan zagaya bagade suna maimaita wannan aya, a rana ta bakwai kuma sau bakwai, jama'a riƙe da rassan itatuwa. Saboda haka mutanen da suka tarbi Yesu a hanyar Urushalima suna cewa Hosanna, ranar da ake tunawa da ita da ganyen dabino, ba sabuwar waƙa suka ƙaga ba. Tsohuwar addu'a suka ɗauko, a ƙasar da Romawa ke mulki, gwamna Bilatus na riƙe da birnin.

Akwai masu cewa amfani shi ke ba kalma ma'ana, ba asalinta ba, kuma suna da hujja. Yadda Matiyu 21:9 ya ce "Hosanna ga Ɗan Dawuda" ya nuna tun lokacin ta fara komawa kirari, don ba a cewa "ka cece mu ga wane". Luka ma bai kawo ta ba sam a labarinsa na wannan rana. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya ɗauke ta a matsayin furucin da ke nuna motsin zuciya, ba mai fassaruwa ba. Ruɗanin dai tsoho ne, har Paparoma Damasus sai da ya rubuta wa Jerom, masanin Littafi Mai Tsarki, takarda a shekarar 383 yana neman bayani, Jerom ya mai da shi ga Zabura.

Na yarda ta zama kirari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kirarin ya kashe roƙon. Ai ba ka kai kuka wurin wanda ba ka tsammanin zai iya share maka hawaye, don haka yabon yana cikin roƙon tun farko. Idan aka cire roƙon, abin da ya rage ihu ne kawai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, da Boko Haram suka kora daga hedkwatarsu ta Kwarhi kusa da Mubi a 2014, da iyayen 'yan matan Chibok, da manoman da ke kwana da ido ɗaya a ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna, duk suna rera wannan kalma kowace shekara. Su ne suka fi kowa haƙƙin sanin cewa kukansu ne a bakinsu. Ibadarmu ta yau ta fi karkata ga rawa da shaidar nasara, har mai baƙin ciki yakan ji kamar bai cika bangaskiya ba.

Ban ce a fassara ta a jefar da Ibranancin ba. Amin ma ba mu fassara ta ba, kuma Kirista da Musulmi kowa ya san inda yake sa ta. Abin da nake nema wurin fastoci da katikis kaɗan ne: kafin a fita zagayen dabino, a karanta Zabura 118:25 da Hausa, a faɗa wa jama'a cewa wannan ce Hosanna, sannan a ba masu tulu dama.