Kilishina da tsuntsun Asir

Ɗan yayata da ke karatu a Abha, a yankin Asir na Saudiyya, ya kamu da cutar kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kiwo, ido kawai. Da na kai masa ziyara daga Jidda, ya rantse sai ya nuna mini aƙ'aƙ ɗin Asir, tsuntsun da duk duniya ba a samunsa sai a duwatsun nan.

Bayan asuba muka nufi Tanuma, arewa da Abha, a kan tsauni, mita sama da 2,000 bisa matakin teku. Ni kuwa jallabiyar zafin Jidda ce a jikina, shara-shara. Haƙorana suka fara kiɗan kalangu.

Muka shiga cikin itatuwan ar'ar, hazo ya rufe ko'ina. Ya nuna mini wani tarin tsinkaye a can ƙololuwa, wai sheƙar ce, har da rufi a samanta, ciki kuma an yaɓe da laka.

"Kawu, don Allah kada ka yi tari," in ji shi.

Da jin haka maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Don in danne tarin na zaro kilishin da wani alhaji ya kawo mini tun daga Kano, wanda ko 'ya'yana ban bari sun ji ƙamshinsa ba. Ban ko gutsura ba na ji an fizge ledar. Na waiga, sai ga wani ƙaton gwaggon biri, furfura har kafaɗa, ga iyalansa a baya sun yi sahu. Ya hau dutse ya zauna yana warware takardar cikin natsuwa. Da alama ba yau ya fara fashi ba.

Na ƙwala ihu, na cire takalmi na wurga masa. Ƙaramin cikinsu ya tsince, ya yi gangare da shi.

A daidai lokacin wani abu baƙi da fari mai dogon bindi ya tashi fir daga sheƙar.

"Kawu! Shi ne! Ka kore shi!"

Na ce, "Wannan? Ashe hankaka ka kawo ni gani? Ai a bolar unguwarmu kyauta ake kallonsa."

Yaron bai sake ce mini uffan ba har mota. Ina ɗingishi da takalmi wari ɗaya, sai na ji ana atishawa a kan dutse. Yajin ya fara aiki.

Na ɗaga murya na ce, "Allah ya ƙara!"